Kunyar Ɗan Fari a Ƙasar da Babu Goggo

Tun da na ajiye aiki na dawo gidanmu na Ƙofar Dumi, abin da ya fi cin lokacina bayan masallaci da gaishe-gaishe shi ne karatun ƙagaggun labarai. Yawancin rayuwata a kan hanya na yi ta. Na yi karatu a Sudan, na yi aikin tafinta a Chadi da Kamaru tare da masu kula da lafiyar dabbobi, na zauna a zangon Kumasi, daga baya aiki ya riƙa kai ni Faransa da Ingila. Duk inda na sauka na tarar da mutanenmu, na kuma tarar da 'ya'yansu da aka haifa a can. Shi ya sa littattafan da na fi nema su ne waɗanda irin waɗannan 'ya'ya suke rubutawa a kan iyayensu: 'ya'yan Larabawa a Faransa, 'ya'yan Indiyawa a Ingila, 'ya'yan Afirka a Amurka.

Na karanta su da Turanci da Faransanci, wasu da Larabci. Harshe daban-daban, amma gidan kusan ɗaya ne. Akwai uwa a kicin tana dafa abincin da yara ke jin kunyar ƙamshinsa a makaranta. Akwai sunan da malamin aji ya kasa faɗa daidai. Sannan akwai uba. Uban nan kullum yana zaune a kujera, ya dawo daga aiki a gajiye, ba ya magana, ɗansa kuma ya girma bai san ko ana sonsa ba. Nakan tausaya wa wannan uban, don marubutan ba su cika barinsa ya buɗe baki ba. Ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana zan buɗe irin wannan littafin in tarar da ɗana ne a kujerar ba.

Ɗan nawa shi ne na fari a wurinmu. Ya tafi Ingila karatun haɗa magunguna tun yana saurayi, ya samu aiki a wani gari a arewacin ƙasar, ya zo gida ya yi aure ya koma da matarsa. 'Ya'yansu biyu, namiji babba da ƙanwarsa. Wata damina, surukata ta kira ni a waya ta ce babban zai zo Bauchi ya yi hutu a wurinmu. Ya gama jami'a, ya kama ɗaki a wani gari daban, kuma ya daina zuwa gida sai in ya san babansa na wurin aiki.

Na ce, "Faɗa suka yi?"

Ta ce, "Baba, da faɗa ne ai da an sasanta. Shiru ne kawai. Ya ce littafi yake rubutawa, yana so ya ga inda babansa ya fito."

Rabonsa da Bauchi tun yana goye. Ya iso da la'asar ana yayyafi, dogo, da jaka a baya. Yana shiga tsakar gida ya nufi kakarsa zai rungume ta. Hajiya, matata, ta ja da baya ta dube shi daga sama har ƙasa, sannan ta juyo wurina.

"Malam, wannan ne mijin da aka aiko mini? Duk tsawo, ba nama. Kai maigida, ina cefane? Haka ake shigowa gidan mata hannu biyu?"

Yaron yana jin Hausa, ko da yake bakinsa bai faɗa ba. Na ga fuskarsa ta canza. Ya ce ta yi haƙuri, bai sani ba, me ake bukata? Ta ce komai ma babu, tun da ta aure shi ba ta ga ko gishiri ba. Washegari da safe muka neme shi muka rasa. Can sai ga shi a keke napep da buhun shinkafa, da galan ɗin mai, da gishiri har ƙulli uku. Matan maƙwabta suka shigo kallo, aka yi ta dariya har Hajiya ta zauna a kan turmi tana share hawaye.

Na ja shi zaure na yi masa bayani da Turanci, wanda da shi muke hira in magana ta yi zurfi. Na ce a nan jika abokin wasan kakansa ne. Ita matarka ce, ni kuma abokin hamayyarka ne, kuma duk abin da ta faɗa maka kana da izinin ramawa. Bai daɗe ba ya kama hanya. Bayan 'yan kwanaki na ji shi yana ce mata masarta ta ƙone, in ba ta gyara ba zai mayar da ita gidansu. Yana cewa "ya" inda ake cewa "ta", amma a Bauchi wa zai tsaya kan wannan? Rabin mutanen da ke ciniki a kasuwa haka suke yi, kuma ana fahimtar juna sarai.

Ina ganin daɗin da yake ji, ina kuma ganin idonsa na bin wani abu. Hajiya ta tambaye shi mahaifiyarsa, ta tambayi ƙanwarsa da sunanta, ta tambayi sanyin ƙasar, har kyanwar gidansu ta tambaya. Babansa ne kaɗai ba ta tambaya ba. In ya kawo zancensa, sai ta ce "to" ta tashi duba tukunya. A bangon falonta akwai hotunan sauran 'ya'yanmu da jikoki, babu na ɗan fari. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da ɗan nawa ya saba kira, ta amsa gaisuwarsa a taƙaice, ta miƙo mini wayar kamar tana ƙona mata hannu.

Bayan wannan Juma'ar ne ya kawo mini kwamfutarsa a zaure ya ce in karanta abin da ya rubuta. Na sa tabarau na zauna da shi daga azahar zuwa la'asar, na ci gaba washegari.

Yaron ya iya rubutu, wannan na gani tun a shafin farko. Labarin wani yaro ne a wani gari mai ruwan sama da sanyi, wanda ubansa bai taɓa kiran sunansa ba. In yana nemansa sai ya ce "kai", ko ya ce wa ƙaramar, "Kira yayanki." In sun fita wurin shaƙatawa, uban yakan ɗora yarinyar a kafaɗa yana yi mata waƙa, yaron yana biye a baya yana kallon yadda Turawa ke riƙe da hannun 'ya'yansu maza. Ranar da ya gama jami'a, uban ya gaisa da abokansa ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kansa sai ya dubi gefe ya ce, "To, madalla." Babi na ƙarshe a gidana aka rubuta shi. A ciki yaron ya je ƙasar ubansa, ya tarar da wata tsohuwa mai raha da kowa, wadda ba ta son ɗanta. Sai ya gane cewa rashin ƙauna ciwo ne da ake gado a danginsu, daga uwa zuwa ɗa zuwa jika, kuma maganinsa kawai shi ne mutum ya yanke ya yi nisa.

Wannan jimlar ta ƙarshe ce ta tsorata ni. Ba littafin nake ji ba. Na san in ya koma da wannan a ransa, ɗana ya rasa ɗansa ke nan, alhali suna ƙasa ɗaya.

Na ce masa, "Aboki, zauna. Abin da ka gani sunansa kunyar ɗan fari. Mu ba ma kiran sunan ɗanmu na fari, ba ma wasa da shi a gaban mutane, ba ma yabonsa. Kakarka kuwa Bafulatana ce, iyayenta da shanu suka shigo garin nan, su abin ya fi tsanani a wurinsu. Ni ma ban taɓa kiran sunan babanka ba. Ba ƙiyayya ba ce. Nuna wa manya ne cewa ba ka ɗauki kanka wani abu ba don ka haihu."

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kaka, na san da al'adar. Mama ta faɗa mini, na kuma karanta a intanet. Amma yaro ƙarami bai san al'ada ba. Abin da ya sani shi ne an ɗauki ƙanwarsa, shi an bar shi yana tafiya a ƙasa. Ka ba ni sunan abin. Sunan bai ɗauke ni ba."

Na yi shekara da shekaru ina juya magana daga wannan harshe zuwa wancan, amma ranar na rasa abin da zan juya.

Na yi kwanaki ina tunani. Abin da ya tsaya mini shi ne, na ga wannan al'ada a wajen ƙasar Hausa ba sau ɗaya ba. A Sudan na zauna da jikokin mahajjatan da suka tafi a ƙafa suka yada zango a can. Wasunsu Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu, amma har lokacin uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, kuma ban taɓa jin wani ɗa ya yi kuka da haka ba. A zangon Kumasi ma haka. Na san 'yan fari da yawa a can, masu fara'a, masu ji da kansu, har ma sun fi ƙannensu sangarta. To me ya sa abin da bai ji wa kowa ciwo a Kumasi ba ya zama rauni a Ingila?

Wata safiya ina dawowa daga gaisuwar mara lafiya, na bi ta wani lungu na ga wata mata zaune a ƙofar gida tana yi wa wani ƙaramin yaro wanka a baho, tana yi masa kirari, yana ƙyalƙyala dariya. Wata matashiyar mata, wadda daga gani ita ce uwar, ta wuce su da bokiti ko kallo ba ta yi ba. Nan na tsaya, don na ga amsar tambayata. Mutanen Sudan da na Kumasi unguwa guda suka tashi, ko suka tara unguwa a inda suka sauka. Ɗana shi da matarsa kaɗai suka tafi.

Da na koma gida na ce wa jikan ya sa takalmi, za mu Ƙofar Ran wurin ƙanwata. Ita ce goggon babansa, kuma a hannunta ya tashi tun daga yaye har ya shiga sakandare.

Muka hau keke. Hanya duk taɓo, mai keken yana kauce wa ramuka yana ba mu labarin tsadar mai. Gidan ƙanwata irin gidajen cikin gari ne na da, zaure bayan zaure, kowane sashe da iyali. Tana zaune a tabarma tana gyaran zogale. Da ta ɗaga kai ta ga yaron, sai ta saki tiren, ta kira sunan babansa da ƙarfi, sunan yanka da na wasa a haɗe, har yaran gidan suka fito.

"Yaya, ka ga kunnuwan? Ka ga tafiyar? Ɗana ne sak, sai dai wannan an ja shi ya yi tsawo. Zo nan, mummuna. Ubanka ya fi ka kyau nesa ba kusa ba."

Ta zaunar da shi a gefenta ta riƙe hannunsa, ba ta sake shi ba har muka tashi. Ta nuna masa ɗakin da babansa ya kwana, da bishiyar gwaibar da ya faɗo daga kai ya karye a hannu. Ta shiga ta fito da hotuna cikin wata tsohuwar leda: ga shi da kayan makaranta, ga shi a kan keken mijinta, ga shi ranar saukar Alƙur'ani an naɗa masa rawani ya fi kansa girma. Ta ce duk gidan nan babu yaron da aka sangarta kamarsa. Kakarsa ta wajen uba takan ɓoye masa nama a ƙarƙashin tuwo. Baffanninsa suna faɗa a kan wanda zai tafi da shi kasuwa. In ya yi laifi, uwarsa ba ta isa ta taɓa shi ba, kuma ba ta isa ta hana a taɓa shi ba.

Jikan ya tambaye ta da Hausarsa mai tangaɗi, "Goggo, ita Hajiya ba ta zuwa ganinsa?"

"Tana zuwa mana. Ta ce ta zo aron rariya. Yau aron rariya, gobe aron ludayi. Mace da ke da kaya cike da ɗaki. Ta zauna ta ba shi baya tana hira da ni, amma in ya yi tari sau ɗaya, gobe sai ga saiwar magani a ƙullin zane, wai ta tsinta ne a hanya."

Ta yi dariya, sannan ta rage murya.

"Ranar da zai tafi ƙasar Turawa, duk muka raka shi tasha, har maƙwabta. Ita ta ce tana da daka. Da na dawo na biya ta gidan Yaya in gaya mata motar ta tashi lafiya. Na tarar da ita a bakin turmi, geron fura ne a ciki tun safe, ta daka shi har ya koma kamar toka, kuma ba ta daina ba. Sai da na riƙe taɓaryar. Na zauna da ita har magariba."

A hanyar dawowa, da muka kusa gida, jikan ya juyo wurina. Ya ce, "Ke nan shi yana da wannan duka."

Na ce, "Yana da shi. Al'adar rabi biyu ce. Iyaye su janye, sauran dangi su matso. Babanka ya sa rabin farko a jakarsa ya tafi da shi. Rabi na biyu mutane ne, ba sa shiga jaka."

"Ni kuma aka bar ni da rabin da babu kowa a ciki."

Na ce haka ne. Ban ga amfanin in yi masa kwaskwarima ba.

Da hutunsa ya kusa ƙarewa, Hajiya ta ce maigida ya zo ya yi amfani ko sau ɗaya, ya raka ta Kasuwar Muda Lawal ya riƙe mata kaya. Na bi su don ƙafata na son motsi. Ta shiga layin masu kayan yaji kamar gidanta. Ta sayi citta da kanumfari da masoro da kimba, ta ɗanɗana barkono a wuri uku kafin ta yarda da na huɗu. Ta sayi kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa. Mai barkonon, wani dattijo da ya san ta, ya ce, "Hajiya, na mutanen Turai ne kuma?" Ta yi kamar ba ta ji ba.

A gida ta ƙi yarda a kai inji. Ita da kanta ta soya, ta daka, ta tankaɗe, tana atishawa tana zagin jikan wai ya tsaya mata a kai kamar mai bin bashi. Da ta ɗura yajin a gwangwani ta ce masa, "Wannan na ƙanwarka ne."

Ya ce, "Hajiya, ita ba ta cin yaji. Ko kaɗan. Kuka take yi."

"To na mamanka."

"Mama tana da gyambon ciki."

Ta ɗaure bakin ledar da ƙarfi ta ce, "To a ba duk wanda ke ci a gidan. Kai ka cika surutu."

Ya fito zaure yana dariya, amma da ya zauna sai dariyar ta tsaya. Ya ce tun da ya bar gida, lokaci-lokaci yakan dawo ya tarar da kular abinci a ƙofar ɗakinsa, mamansa ta turo saƙo wai ta dafa ya yi yawa. Maman ba ta tuƙi, kuma tsakanin garuruwan tafiya ce mai nisa. Ya ce ƙanwarsa takan kira shi ta ce, "An ce a tambaye ka ko ka canza tayoyin mota kafin sanyi," ita da ba ta san inda ake zuba mai ba.

Na ce, "Ka gani ke nan."

Ya ce, "Na gani, Kaka. Amma na gaji. Me ya sa kullum ni ne zan zauna ina fassara shi? Ko sau ɗaya ya yi mini magana da yaren da aka haife ni a ciki."

Wannan karon ma ban musa masa ba. Gaskiyarsa ce.

Da yamma Hajiya ta same ni ina shan shayi, ta ce, "Malam, me yaron nan yake rubutawa ne da yake kallona kamar likita?" Mun yi shekaru da yawa tare, ban saba ɓoye mata abu ba. Na gaya mata labarin littafin tun daga farko, har da tsohuwar da ba ta son ɗanta. Na zaci nan za ta ji zafi. Ba ta ko tsaya a kai ba. Abin da ta koma kai shi ne yaron da ke tafiya a baya.

"To wa yake ɗaukarsa?"

Na ce babu kowa.

"Ba goggo, na sani. Maƙwabta fa?"

Na ce a can mutum yakan shekara bai shiga gidan maƙwabcinsa ba. Ƙofa a rufe take, mutum huɗu ne a ciki, shi ke nan.

Sai ta ce, "Ni da na kau da kai, na san hannuwa na nan a bayana sun fi nawa yawa. Da na waiga na ga babu kowa, ai da ban kau da kai ba." Ta ɗauki kofin shayina da ban gama sha ba ta tafi da shi.

Juma'ar ƙarshe, muna falo mu uku, wayar ta yi ƙara. Na gaisa da ɗana, na miƙa mata kamar kullum. Ba ta karɓa ba. Ta ce in buɗe muryar kowa ya ji, in ajiye a kan tebur. Ta jawo tiren shinkafa ta fara tsinta, ta juya wa wayar gefe, ta dube ni.

"Malam, ka gaya wa baban yaran nan, an ce a inda yake babu goggo babu baffa. Ka tambaye shi, da ya yi kunyar, wa ya bar wa yaron? Kunya don idon manya ake yin ta. Su wane ne manyan a can, bango? Ka gaya masa shi ne uban, shi ne baffan, shi ne kakan, tun da shi ya zaɓi ya tafi inda babu su. Mijina ya zo mini a rame, ba ramar abinci ba. In ya sake zuwa mini haka, ba da shi zan yi faɗa ba."

Ban maimaita ko kalma ɗaya ba, don babu bukata. Jikan yana zaune ya sunkuyar da kai. Can muka ji muryar ɗana, ƙasa-ƙasa.

"Inna, na ji." Ya ɗan tsaya. "Baba, yana kusa? A ba shi."

Yaron ya ɗauki wayar ya fita zaure. Hajiya ta ci gaba da tsintar shinkafar da babu sauran tsakuwa a cikinta. Sun daɗe, har aka kira la'asar. Da ya dawo ban tambaye shi ba, shi ya faɗa da kansa a hanyar masallaci. Ya ce da zancen mota suka fara, suka daɗe a kai. Daga baya baban ya ce, "An ce littafi kake rubutawa. Ina ciki?" Ya ce masa yana ciki. "Na fito da kyau?" Ya ce a'a. Sai baban ya yi wata 'yar dariya ya ce, "To ka kawo in gani."

Kafin ya tafi ya tambaye ni ko ya goge abin da ya rubuta. Na ce kada ya taɓa yaron da ke tafiya a baya, don wannan ya faru, kuma akwai yara da yawa irinsa a garuruwan da na zaga waɗanda za su ga kansu a ciki. Abin da na roƙe shi kawai shi ne ya bar uban ya tashi daga kujera ya shiga mota da kular abinci, ya kuma sa gidan Ƙofar Ran a wani wuri, don mai karatu ya san abin da ya ɓace. Ya ce zai duba, bai yi mini alkawari ba. Marubuci ne, ban kuma so ya yi ba.

Surukata ta gaya mini cewa baban ne ya je filin jirgi ɗauko shi, shi kaɗai. Ban san abin da suka ce wa juna a hanya ba. Na dai san yaron ya koma zuwa gida ranar Lahadi, ko baban na nan ko ba ya nan.

Bayan kaka ta wuce, wata Juma'a ɗana ya kira. Muka gaisa, muka yi zancen ciwon gwiwata, sannan ya yi gyaran murya irin ta mai shirin faɗin abu mai nauyi.

"Baba, na karanta littafin. Akwai wuraren da sai da na ajiye na fita waje. Amma yaron nan ya iya rubutu. Wallahi ya iya."

A iya sanina, wannan ne karo na farko da wani a zuriyarmu ya yabi ɗan farinsa a kunnen mahaifinsa. Na rasa yadda ake amsa irin wannan, sai na ce masa Allah ya yi albarka. Hajiya tana bakin ƙofa tana jin mu. Ta ce, "Malam, ka ce masa mu ba mu muka rubuta ba. Ya je ya gaya wa mai littafin."

Ɗana ya ji ta. Ya ce, "A gaya wa Inna na riga na gaya masa. Shi na fara gaya wa."